Haske Daban, Zafi Daban: Yadda Ire-iren Wardi Suke Ɗaukar Rana da Yanayi

Tsakure

Kusan duk littafin lambu da aka buɗe, za a tarar yana cewa wardi na buƙatar rana ta awa shida a kullum. Wannan maƙala ta ɗauki ƙa'idar ta auna ta da abin da ake gani a gonakin Ɗa'if da Naivasha da Texas da arewacin Indiya. Ta nuna cewa an cuɗa abu biyu da ya kamata a raba, wato haske da zafi, kuma asalin iri da sanyin dare sun fi yawan awannin rana faɗa a ji wajen ko shukar za ta yi fure. Daga nan ta duba abin da hakan ke nufi ga mai dasa wardi a Kano da Jos.

Gabatarwa

Tsakanin Makka da Ɗa'if ba a kai kilomita 100 ba, kuma rana guda ce take dukan garuruwan biyu. Amma a Ɗa'if, kowace shekara cikin Maris da Afrilu, ana tsinke furen wardi miliyoyi, a Makka kuwa babu mai wannan sana'a. Dalilin yana ga tudu. Makka tana kwari, ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, ita kuwa Ɗa'if tana kan tsaunukan Sarawat wajen mita 1,800, ƙauyukan Hada da Shafa ma sun ɗara haka. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000. Ke nan tun ba a zo maganar ƙasa da taki da ruwa ba, Ɗa'if ta riga ta samu rangwamen digiri 10 a kan maƙwabciyarta.

Ƙa'idar awa shida gaskiya ce a inda aka rubuta ta. A Landan, zafin rana a watan Yuli yana tsayawa ne wajen digiri 24, saboda haka duk hasken da wardi ya samu riba ce. A Kano cikin Afrilu ma'aunin zafi yana taɓa 40. Wanda ya ɗauki shawarar Landan ya kai ta Kano ba tare da tacewa ba, zai dasa wardinsa a tsakiyar fili, ya yi ta ɗibar masa ruwa, sannan ya zargi hannunsa ko mai sayar da fulawa.

Gida biyu a jinsi ɗaya

Jinsin wardi, wanda masana tsirrai ke kira Rosa, yana da ire-iren daji sama da 100, kusan dukansu daga arewacin duniya. A Afirka kudu da Sahara guda ɗaya ake samu a daji, Rosa abyssinica, shi ma a kan tsaunukan Habasha da maƙwabtanta. Wardin da ake dasawa a lambu yau kuwa ya fito ne daga manyan gidaje biyu masu hali daban.

Gida na farko shi ne na Turai da Gabas ta Tsakiya: su gallica da alba da damask. Waɗannan suna zubar da ganye idan sanyi ya shigo, su kwanta barci, sannan su farka su yi fure sau ɗaya tak a shekara, na 'yan makonni, a kan rassan da suka yi bara. Sanyin nan sharaɗi ne a gare su. Idan ba su sha shi ba, sai su yi ta ganye da ƙaya, fure kuwa sai abin da ba a rasa ba.

Gida na biyu na ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ana zaɓen wardin da ke maimaita fure. Guda huɗu daga cikinsu suka isa Ingila a cikin shekara talatin da 'yan kai: Slater's Crimson China a 1792, Parsons' Pink China, wanda aka fi sani da Old Blush, a 1793, sai Hume's Blush wajen 1809, da Parks' Yellow a 1824. Biyun ƙarshen su ne kakannin rukunin da ake kira Tea. Ba su da kwarjinin wardin Turai, wuyansu ma yakan langaɓe, amma ba sa jiran sanyi ko tsawon yini kafin su yi fure. Duk sabon reshen da ya fito, fure ne a kansa. A 2012 masu bincike a Angers ta Faransa suka gano cewa wata ƙwayar gado ce mai suna RoKSN, wadda aikinta hana fure fita ba a kan lokaci ba, ta lalace a waɗannan ire-iren. Da mai gadin ya daina aiki, sai fure ya riƙa fita a kowane wata. A 2018 aka wallafa cikakken tsarin gadon Old Blush ɗin.

Abin lura, gamuwar gidajen biyu ta farko ta auku ne a wurare masu ɗumi. A Charleston ta Amurka, a farkon ƙarni na 19, wani manomin shinkafa mai suna John Champneys ya samu ɗa tsakanin Old Blush da wardin miski, daga nan rukunin Noisette ya fito. A tsibirin Réunion, wanda a lokacin ake kira Bourbon, an yi shinge da wardin Sin da damask gefe da gefe, ƙudan zuma suka yi nasu aikin, a 1817 aka lura da tsiron da ya haifar da rukunin Bourbon. Ɗan wannan gida, Rose Edouard, har yau ana nomansa a Indiya don ƙamshi da sarƙar fure.

Daga baya sai sana'ar ta koma hannun masu lambun Lyon, su kuwa abin da ya dame su shi ne sanyin Turai da kyawun siffa. A 1867 Jean-Baptiste Guillot ya fitar da La France, wanda ake lissafawa a matsayin Hybrid Tea na farko, wato irin wardin nan mai doguwar kara da tsinin kai da kowa ya sani a hoto. A 1900 Joseph Pernet-Ducher ya fitar da Soleil d'Or bayan ya shigo da jinin Rosa foetida, wardin rawaya na busassun tuddan Farisa. Rawaya ta shigo, ruwan lemo ya biyo baya, amma tare da su aka shigo da rauni. A ƙasarsa ta asali Rosa foetida bai saba da damshi ba, bai kuwa da kariya daga cutar baƙin tabo, kuma masana da dama suna ɗora masa alhakin yadda cutar ta addabi wardin zamani.

Wardin Ɗa'if da 'yan uwansa

Wardin Ɗa'if damask ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wardin da hancin Bahaushe ya fi sani ta hanyar tsarabar alhazai. Binciken da wasu masana na Japan suka wallafa a 2000 ya nuna damask yana da iyaye uku: Rosa gallica, Rosa moschata, da Rosa fedtschenkoana na tsakiyar Asiya. Biyu daga cikinsu 'yan ƙasar sanyi ne ƙwarai.

Aikin tsinka yana farawa ne da asuba. Masu tsinka suna shiga tsakanin layuka tun raɓa na kan ganye, suna kama furen da ya buɗe a daren ta ƙeyarsa, su karya da babban yatsa, su jefa a kwando. Ana so a gama kafin hantsi ya ɗaga, domin man ƙamshin yana cikin ƙananan ƙwayoyin da ke saman fallayen furen, da zarar rana ta yi zafi sai ya fara bin iska. A ranar ake aunawa, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururin ya bi bututu ta cikin ruwan sanyi ya ɗiga a kwalba, man ya taso sama siriri, ruwan wardi ya zauna a ƙasa. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a cika tola guda, wadda nauyinta bai kai giram 12 ba. Da wannan ruwa da mai, haɗe da zamzam, ake wanke ɗakin Ka'aba. A 2024 UNESCO ta shigar da al'adun wardin Ɗa'if cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Idan aka jera sauran wuraren da damask ya zama arziki, sai a ga kamarsu ɗaya. Kwarin Kazanlak na Bulgeriya yana tsakanin tsaunuka biyu, ana tsinka a Mayu da Yuni, kuma sai an tara tan 3 zuwa 4 na fure kafin a samu kilo guda na mai. Isparta ta Turkiyya tana kan tudu. Ƙamsar ta Iran tana gefen dutse kusa da Kashan. Kelaat M'Gouna ta Maroko tana gindin tsaunukan Atlas, can ma a Mayu ake bikin wardi. Dukansu suna da hunturu mai cizo, sannan lokacin fure yana zuwa da rana mai haske da safiya mai sanyi. Rana ba ta dami damask ba, fari ma yana jurewa daidai gwargwado. Abin da ba ya yafewa shi ne rashin sanyi. Don haka alhajin da ya yi sha'awar ganin wardin Ɗa'if a tsakar gidansa a Sakkwato, zai iya samun ganye kore shar, amma da wuya ya cika kwando.

Abin da zafi ke yi wa fure

Masu noman wardi a rumfa sun daɗe da sanin ma'aunin da shukar ta fi so: digiri 20 zuwa 28 da rana, 15 zuwa 18 da dare. Na daren shi ne wanda ake yawan mantawa. Da rana ganye yana haɗa sukari da hasken da ya samu. Da dare shukar tana ƙona wani kaso na sukarin don numfashi, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon abin da za ta ƙona. Idan dare ya kwana a digiri 27, ribar yini ta tafi, ba abin da ya rage da za a gina fure da shi.

Zafi kuma yana gaggauta komai. Kan furen yana buɗewa tun bai gama tara fallayensa ba, sai ya fito ƙarami, fallayen kaɗan, karar gajera. Irin da ke ba da fure cike da tafin hannu a Janairu, shi ne zai ba da ɗan mitsitsi a Afrilu, har mai shi ya ɗauka an canja masa shuka. Launi ma yana shan wahala. Sinadarin da ke sa ja da ruwan hoda ba ya taruwa sosai a cikin zafi, rawaya takan koɗe ta koma fari-fari, shi kuwa ja mai duhu yana zuƙar zafi fiye da sauran, gefen fallayensa ya ƙone ya yi baƙi kafin la'asar.

Haske kuwa wani aikin yake yi. Double Delight, wanda aka fitar a Amurka a 1977, yana buɗewa ne da launin madara, sai hasken rana ya rina masa baki da ja. Idan aka reno shi a ɗakin gilashin da ke tare wani ɓangare na hasken, jan ba ya fitowa sosai. Mutabilis na gidan Sin yana buɗewa rawaya, ya koma ruwan hoda, ya ƙare a ja, har a ga launi uku a reshe guda. Wardin Sin da yawa haka suke, rana tana ƙara musu duhu a inda take koɗar da na Turai.

Akwai kuma irin da zafi ke yi wa gata. Souvenir de la Malmaison, ɗan rukunin Bourbon na 1843, fallayensa suna da yawa kuma sirara ne. A damshin Ingila na wajen sukan jiƙe su manne, kan ya ruɓe bai buɗe ba. A ƙasa mai ɗumi da bushewa sai ya buɗe sarai. Haka Graham Thomas, wanda David Austin ya fitar a 1983: a Ingila ɗan kurmi ne da bai fi ƙirjin mutum ba, a California da Ostireliya kuwa yakan ninka haka har a ɗaure shi a jikin bango. Tsawon da aka rubuta a takardar iri, tsawon garin da aka rubuta takardar ne.

Babu inda rabuwar haske da zafi ta fito fili kamar a kasuwar yankakken fure. Wardin da ake gwanjonsa a Aalsmeer ta Holan, kaso mai tsoka nasa daga Kenya da Habasha da Ekwado yake zuwa, ƙasashen da ke kan ikwaita ko kusa da ita. A can yini awa 12 ne duk shekara, hasken kuma mai ƙarfi ne. Sai dai gonakin duk a kan tudu suke. Tafkin Naivasha yana wajen mita 1,900, Holeta ta Habasha ta haura 2,000, Cayambe ta Ekwado tana kusan 2,800. Ko a tsakaninsu ma tudun yana raba kasuwa. Gonakin da ke ƙasa-ƙasa suna yanka da yawa amma kan furen matsakaici ne, na can sama suna jira ya daɗe kafin ya nuna, su samu babban kai da doguwar kara da farashi mai tsoka. Iri ɗaya za a dasa a wurare biyun a samu kaya biyu. Ribar dai tana da kuɗinta, domin an daɗe ana muhawara a kan yawan ruwan da gonakin ke ja daga tafkin Naivasha.

Waɗanda suka nemi iri don garinsu

Masu fama da sanyi sun riga kowa gane cewa gara a gyara iri da a yi ta lulluɓe shuka. A Ottawa ta Kanada, Felicitas Svejda ta yi amfani da jinin Rosa rugosa na gaɓar tekun Japan da Koriya da wasu masu jure ƙanƙara ta fitar da jerin Explorer, ciki har da John Cabot da William Baffin, masu tsallake sanyin digiri 35 ƙasa da sifili. Wannan ba matsalar Afirka ba ce, sai dai hanyar da aka bi abin koyi ce.

A ɓangaren zafi, Alister Clark na Ostireliya ya juya ga Rosa gigantea, wani ƙaton wardi mai hawa bishiya daga arewa maso gabashin Indiya da Bama da Yunnan. Lorraine Lee da ya fitar a 1924 tana yin fure har cikin hunturun Melbourne, kuma ba ta jin tsoron bazararsu. A Kodaikanal ta kudancin Indiya, Viru Viraraghavan da matarsa Girija sun ɗauki wannan gigantea suka haɗa da Rosa clinophylla, wardin daji da ke tsirowa a fadamun da ruwa ke malalewa a Bengal, da nufin samar da wardi mai ganye duk shekara wanda aka yi domin ƙasashen zafi tun daga tushe. A ganin mai wannan takarda, aikinsu ya fi duk wani kundin iri na Turai kusa da buƙatar Afirka ta Yamma.

Labarin Texas kuwa a maƙabarta ya faro. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 wasu masu sha'awa suka riƙa bin tsofaffin kaburbura da kufai suna yanko rassan wardin da ya shekara aru-aru ba mai ba shi ruwa, ba mai yi masa feshi. Da aka bincika, da yawansu 'yan gidan Sin da Tea ne, waɗanda kasuwa ta yi watsi da su don an samu masu ƙyalli. Daga baya jami'ar Texas A&M ta kafa gwajin Earth-Kind, inda ake dasa iri a bar shi shekaru ba feshi, ba takin kanti, sai rufin gindi da ruwa kaɗan. Cikin waɗanda suka ci akwai sababbi irin su Belinda's Dream, wanda malamin lissafi Robert Basye ya samar, da Knock Out na William Radler da ya shiga kasuwa a 2000. Amma akwai Mutabilis, akwai Duchesse de Brabant ta 1857, akwai Ducher na 1869. Tsofaffin da aka raina su suka tsaya da ƙafarsu.

A garin Tombstone na Arizona, cikin hamada, akwai wardin Lady Banks da aka dasa a 1885 daga reshen da aka aiko daga Scotland. Yanzu gindinsa ya zama kututture, rassansa sun rufe rumfar da ta kai kimanin murabba'in mita 800. Shi ma asalinsa ɗan Sin ne.

Ganye jiƙaƙƙe da gindin aro

Yanayi yana zuwa da cututtukansa. Baƙin tabo fumfuna ce da ƙwayarta ke buƙatar ganye ya zauna a jiƙe wajen awa 7 kafin ta kama. Shi ya sa ranar safe ta fi ta yamma daraja sau biyu: tana busar da raɓa da wuri, kuma ba ta ƙuna. Shi ya sa kuma ban ruwa a gindi ya fi yayyafi ta sama, musamman da magariba. Farar fumfuna mai kama da gari ta fi son yini busasshe da dare mai sanyi da laima. Idan zafi da ƙura suka haɗu kuwa, sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa irin ta gizo-gizo su tare a bayan ganye, su tsotse shi har ya yi fari. Wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da sassafe yana rage su ƙwarai.

Sannan yawancin wardin kasuwa mai aure ne, kamar mangwaro: kan wani iri ne, gindin na wani. Gindin shi ke hulɗa da ƙasa, kuma kowace ƙasa da nata. A Ingila an fi amfani da Laxa, a yawancin Amurka Dr. Huey, a gonakin Kenya Natal Briar. A Florida, inda ƙasa rairayi ce mai ɗumi cike da tsutsotsin da ido ba ya gani masu cin saiwa, Fortuniana ne ke rayuwa, sauran sukan sare cikin 'yan shekaru. Idan aka ga wardi ya yi shekara biyu lafiya sannan ya fara ja da baya ba dalili, sau da yawa amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Idan kuma aka ga wani reshe mai ƙarfi ya fito daga ƙasan gaɓar auren da ganye daban, gindin ne yake neman ƙwace gida, sai a fizge shi tun daga tushe.

Kano da Jos

Jos tana wajen mita 1,200, Mambila ta Taraba ta haura 1,500. Darensu yana da sanyi kusan duk shekara, don haka Hybrid Tea da Floribunda irin su Iceberg, farin nan na Kordes na 1958, suna iya nuna kansu. Jarrabawarsu damina ce. Ruwan Jos yana kai wa milimita 1,400 a shekara, ganye yakan wuni a jiƙe, baƙin tabo ya samu yadda yake so. Mai lambu a can zai fi cin riba idan ya sa juriyar cuta gaba da kyawun hoto, ya bar tazara tsakanin shuke-shuke don iska ta ratsa, ya kuma riƙa kwashe ganyen da ya zuba.

Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram lissafinsu daban ne, kuma malaminsu arewacin Indiya ne. Delhi da Chandigarh suna shan zafin da ya wuce digiri 40, ga damina mai ƙarfi a bayansa, duk da haka Chandigarh tana da lambun wardi na Zakir Hussain tun 1967, kuma a Fabrairu take bikinsa. Sun juya kalandar ne. Suna yi wa wardi aski a Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, wasu ma su janye ban ruwa na 'yan kwanaki don tilasta wa shukar hutun da sanyi bai ba ta ba, sannan su zuba taki su sake ruwa. Fure ya zo a cikin sanyi. Lokacin zafi kuwa ba a neman komai wurin shukar sai ta rayu.

Hunturun ƙasar Hausa yana ba da irin wannan dama. A Disamba da Janairu daren Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, rana tana tsayawa wajen 30, ga bushewar da baƙin tabo ba ya so. Aski a ƙarshen Oktoba zai kawo fure cikin mako shida zuwa takwas, daidai tsakiyar sanyi. Daga Maris zuwa saukar ruwa, aski mai zurfi ganganci ne, domin ganyen shi ne laimar da ke kare karan daga ƙuna. Wurin dashe mafi dacewa shi ne gabashin ɗaki ko katanga, inda rana za ta same shi daga fitowarta zuwa wajen sha ɗaya ko sha biyu, inuwa ta karɓe shi kafin azahar. Jikin bangon da ke kallon yamma shi ne mafi muni, don siminti yana adana zafi ya riƙa sakinsa har tsakar dare. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba, saboda tana gumi tana sanyaya saiwa. Rufe gindi da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa yana riƙe damshi, sai dai a ɗan janye shi daga jikin karan, kuma a sa ido a kan gara. Ƙasar da ta ɗan karkata ga tsami, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami, ita wardi ya fi so. Inda ruwan rijiya ke da kanwa-kanwa, sabon ganye yakan fito rawaya da jijiyoyi kore, alamar shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe.

Wajen zaɓen iri, masu sayar da fulawa a bakin titi galibi da launi suke sayarwa: ja, fari, rawaya, kowanne a baƙar leda. Mai saye zai iya karanta shukar da kansa. Sirarun rassa masu yawa, sabon toho ja-ja, fure matsakaici a gungu, waɗannan alamun jinin Sin ne. Kara guda mai kauri da ƙaton fure ɗaya a kai, wannan ɗan rumfar tudu ne, zai yi kyau a watan farko. Mafi aminci shi ne reshen da aka yanko daga wardin da ya riga ya shekara biyar ko goma a wani gida na unguwar, wato dabarar mutanen Texas ke nan.

Abin da wannan takarda ke ba da shawara shi ne a yi gwaji irin na Earth-Kind a gida. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda a Kano wurare ne da suka dace, a haɗa da fili guda a Jos. A dasa iri goma zuwa goma sha biyar a kowane wuri, rabi daga gidan Sin da Tea, rabi daga na zamani, a sa har da waɗanda aka tsinto daga tsofaffin gidaje, kowane iri wani a kan saiwarsa wani a kan gindin aro. A raba su kashi biyu, masu rana duk yini da masu inuwar yamma, a bar su shekara uku ba feshi. A riƙa rubuta zafin dare kullum, a ƙirga fallayen fure a auna faɗinsa a Janairu da Afrilu da Agusta, a kuma lissafa shuke-shuken da suka ga saukar damina ta uku da ransu.